JIKINKA AMANA NE: Nasiha Ga Ɗaliban Lafiya Kan Bushewar Ciki

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa, maganar yau wasu za su ce ba ta dace da shafin malami ba, domin magana ce ta bayan gida. To kafin wani ya yamutsa fuska, ya tuna abin da Imamu Muslim ya ruwaito game da Salmanul Farisi (RA). Mushrikai sun so su yi masa ba'a, suka ce wai Annabinku komai sai ya koya muku, har yadda ake zaga kewaye. Salmanu bai sunkuyar da kai ba. Ya amsa musu da cewa ƙwarai kuwa, sannan ya shiga lissafa musu ladubban: ba a fuskantar alƙibla, ba a tsarki da hannun dama, ba a amfani da ƙashi ko kashin dabba. Abin da suka ɗauka abin gori ne, shi ya ɗauke shi abin alfahari. Addinin da ya karantar da yadda ake shiga makewayi ba zai hana mu tambayar abin da ya sa wasu suke shiga su fito ba su biya bukata ba.

Wanda yake zaune a Tudun Wadar Zariya ya saba ganin fararen kaya da sassafe. A nan tsohon asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yake, kafin a kwashe yawancin aikin zuwa Shika a 2005. Jami'ar kanta an buɗe ta a 1962, sashen koyon aikin likita ya fara a 1967, wato shekaru sama da hamsin ke nan garin nan yana yaye likitoci da ma'aikatan jinya da masu haɗa magunguna. Za ka ga yaranmu, maza da mata, tun gari bai gama wayewa ba suna tsaye bakin titi suna jiran mota, wannan zai tafi Samaru, wancan zai tafi Shika, jaka a baya, littafi a hannu. Muna yi musu addu'a, muna alfahari da su. Amma akwai wata cuta da take bin da yawa daga cikin masu irin wannan rayuwa a ɓoye, ba a faɗa wa uwa, ba a faɗa wa aboki. Ita ce bushewar ciki, ko taurin bayan gida. Mutum ya yi kwana uku, huɗu, wani har mako, bai zaga ba. In ya je kuma sai nishi da gumi, ya fito yana jin kamar bai gama ba.

Abin mamakin shi ne, waɗannan su ne suka fi kowa sanin yadda abin yake. Su ne suka haddace cewa babban hanji tsawonsa ya kai kusan mita ɗaya da rabi, kuma babban aikinsa shi ne tsotse ruwa daga abin da ya rage na abinci. Duk lokacin da abin ya ƙara daɗewa a ciki, hanjin yana ƙara shanye ruwansa, yana ƙara tauri. Su ne suka san cewa likitoci suna kallon wanda ba ya zagawa sau uku a mako, ko mai yawan yunƙuri, ko mai fitar da abu mai tauri kamar na akuya, a matsayin mai wannan larura. Su ne aka koya wa cewa da zarar abinci ya sauka a tumbi, jiki yakan aika saƙo ga babban hanji ya motsa, kuma wannan motsin ya fi ƙarfi da safe bayan karin kumallo. Sun kuma san cewa wanda ya saba danne wannan kiran, a hankali kiran yakan yi rauni, har ya zama ba ya jin sa sosai.

To yanzu dubi ranar ɗalibin. Ya yi karatun dare har ƙarfe biyu. Ya tashi asuba a gajiye. Lokacin da hanjinsa yake kira, shi yana guje-gujen neman mota kada malami ya riga shi shiga aji. Karin kumallo babu, ko kuma shayi da burodi a tsaye wajen mai shayi. Da rana biskit da lemon kwalba. Da dare Indomie da ƙwai. Ruwa kuwa da gangan yake rage sha, musamman 'yan'uwanmu mata, don kada fitsari ya matsa musu a tsakiyar zagayen duba marasa lafiya, ko don makewayin da ke kusa ba ya shiguwa. Sauran sa'o'in kuma a zaune suke ƙarewa a kan kujera. Ga fargabar jarrabawa, ita ma tana taɓa hanji. Wata kuma tana shan ƙwayar ƙarin jini, wadda aka san tana ɗaure ciki. Ba na ma son in shiga batun wanda shaiɗan ya ja shi ga Tramadol ko maganin tari mai kodin da sunan ƙarfin karatu. Gwamnatin Nijeriya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, kuma duk ɗalibin lafiya ya san irin waɗannan ƙwayoyi suna kashe motsin hanji, ban da kashe hankali da suke yi.

Wani zai ce, Malam, ai wannan ƙaramin abu ne, ba ya kisa. Tambayi mai shi. Ciki a kumbure, abinci ba ya daɗi, jiki a mace, rai a ɓace ba dalili. Yana karanta shafi ɗaya sau uku bai shiga ba. Abokin zama ya yi masa magana kaɗan ya hau shi da faɗa. In abin ya daɗe, yawan yunƙuri yakan jawo basir ko tsagewar dubura, sai tsoron zafin ya sa ya ƙara ƙin zuwa, ƙin zuwan kuma ya ƙara taurin. Sannan ga ɓangaren da ya fi shafar mu masu magana kan addini. Mai kumburin ciki sallarsa cike take da waswasi. Yana ruku'u yana tunanin ko iska ta fita. Ya sake alwala, ya sake. Annabi (SAW) ya ba da maganin waswasin, ya ce kada mutum ya bar sallarsa sai ya ji ƙara ko wari. Amma wanda ya gyara cikinsa ya toshe wa shaiɗan ƙofar tun daga tushe. Kuma ka yi tunanin mara lafiyar da aka kwantar, yana jiran wannan ɗalibin ya saurare shi da natsuwa, alhali shi ɗalibin hankalinsa yana kan mararsa.

A nan tambayar take, kuma ba ta ɗaliban lafiya kaɗai ba ce. Shin ya halatta mutum ya cutar da jikinsa saboda manufa mai kyau? In burina in zama likita in ceci rayuka, shin ba sadaukarwa ba ce in manta da cikina na wasu shekaru?

Mai wannan tunanin yana da hujjar da ba za a raina ba. Zai ce magabata sun sha wuya a neman ilimi, sun yi tafiyar watanni a ƙasa don hadisi ɗaya, sun kwana da yunwa. Zai ce Imamu Muslim da kansa ya kawo maganar Yahaya ɗan Abi Kasir cewa mai son hutun jiki ba zai sami ilimi ba. Wannan duk gaskiya ne, kuma ba wanda zai zama likita yana barcin awa goma. Amma a bambance tsakanin wahala iri biyu. Akwai wahalar da hanya take wajabtawa, wadda in ba ka ɗauke ta ba ba za ka isa ba, kamar tsayuwar awanni a ɗakin tiyata ko kwanan asibiti. Wannan haƙuri a kanta lada ne, in niyya ta gyaru. Akwai kuma wahalar da mutum yake ɗora wa kansa da sakaci, wadda ba ta ƙara masa ko harafi ɗaya na ilimi. Ƙin shan ruwa bai taɓa sa kowa ya ci jarrabawa ba. Danne bayan gida na minti goma da safe bai taɓa ƙara wa kowa fahimta ba, sai ma ya ƙwace masa sa'o'i na natsuwa daga baya. Magabata sun haƙura da abin da ba su da iko a kai. Ba mu ji suna ƙirƙirar wa kansu cuta suna kiranta zuhudu ba.

Asalin kuskuren yana cikin kalmar "jikina". Muna faɗin ta kamar yadda muke cewa "rigata", wadda in na ga dama in yage ta. A Musulunci jiki aro ne. Ba kai ka yi shi ba, ba kai kake tafiyar da shi ba, kuma za a karɓe shi a tambaye ka yadda ka yi da shi. Yanzu haka da kake karanta wannan rubutu, hanjinka yana aiki ba tare da izininka ba. Wanda aka ba wa ajiya ba shi da damar lalata ta, ko da da kyakkyawar niyya ne.

Dubi Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi (RA). Matashi ne mai himma, azumi kullum, tsayuwar dare gaba ɗaya. Wace manufa ta fi wannan kyau? Amma da labari ya kai ga Annabi (SAW), sai ya hana shi, ya nuna masa cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa yana da haƙƙi, iyalinsa suna da haƙƙi. Abdullahi ya dage cewa yana da ƙarfin fiye da haka. Da ya tsufa ƙarfi ya tafi, sai ya riƙa fatan ina ma ya karɓi sauƙin da aka yi masa tun farko. Buhari ya ruwaito wannan. To in ba a yarda a danne haƙƙin jiki saboda nafilar sallah da azumi ba, yaya za a yarda a danne shi saboda jarrabawa?

Har a cikin farilla ma shari'a ba ta yarda da matsi ba. A hadisin Nana A'isha (RA) da Muslim ya ruwaito, an hana mutum ya tsaya sallah alhali fitsari ko bayan gida suna matsa masa. Jumhurun malamai sun ce makaruhi ne, Zahiriyya ma suka ce sallar ba ta yi ba. Ka duba fa, sallah ce, ginshiƙin addini, aka ce je ka biya bukatarka tukuna sannan ka zo. Wannan ya shafi masu riƙe alwalar azahar har la'asar, har magariba, suna matse kansu don ƙyuyar sake alwala, suna zaton falala ce. Sabunta alwala da natsuwa ya fi riƙe ta da azaba.

Abu na biyu da yake ɗaure wa ɗalibi ciki shi ne kunya. Kunya tana daga imani, wannan ba gardama. Amma kunyar da aka yaba ita ce wadda take hana ka saɓo. Wadda take hana ka tambaya ko neman magani rauni ce da ta saka rigar kunya. Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su tambayar addininsu ba, kuma abin da suke tambaya ya shafi jini da wanka da abin da ya fi wannan sirri. Ga ɗalibin lafiya kuma akwai wata kunyar ta daban, ta girman kai: ni da nake koyon ba da magani, in je in zauna gaban likita in ce ba na iya kashi? Hausawa suka ce wanzami ba ya son jarfa. Sai ya koma sayen maganin wanke ciki a ɓoye, yau wannan gobe wancan. Wani ma, da duk karatunsa, ya ƙare wajen masu lasifika a tasha da kasuwa, masu cewa kowace cuta basir ce. Ɗan'uwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likitan da za ka gani ya ji irin wannan koke sau ba adadi.

Akwai kuma batun ilimi da aiki da shi. Mukan tsoratar da almajirin addini kada ya zama mai umartar mutane da alheri yana mance kansa. Wannan gargaɗin ya hau kan mai farar riga ma. Gobe kai ne za ka zauna ka ce wa tsohuwa daga Giwa ko Soba, "Mama, a riƙa shan ruwa, a ci ganye, kada a riƙa matsewa." Da wane baki? Ilimin da bai fara amfanar cikin mai shi ba, albarkarsa ragaggiya ce. Kuma likitan da ya saba toshe kunne daga kukan jikinsa, ana jiye masa tsoron ya saba toshe kunne daga kukan mara lafiya.

Sai dai adalci ne mu faɗa cewa ba duka laifin yake kan ɗalibi ba. Yarinyar da ta ƙi shan ruwa don makewayin ba ƙofa, ba ruwa, ba fitila, ba za a kira ta mai sakaci kai tsaye ba. Ƙarancin ruwa a Zariya ba sabon labari ba ne, kowa ya san kuɗin da ake kashewa wajen 'yan ga-ruwa. A nan nauyin ya dawo kan masu makarantu, masu gidajen haya da suke zuba ɗalibai ashirin a kan makewayi ɗaya, da mu masu masallatai. Mukan tara miliyoyi a yi hasumiya da tayil, amma bayin masallacin sai ka toshe hanci. A 2019 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da gangamin hana bayan gida a fili, kuma a 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta cimma hakan. Ashe in an sa kai ana iyawa. Mai neman sadaka mai gudana, ga ƙofa a buɗe: makewayi mai tsafta, mai ƙofa da ruwa, ɓangaren mata daban, kusa da inda ɗalibai suke karatu. Ba a rubuta sunan mutum a jikin bayi da ruwan zinare, shi ya sa ikhlasi ya fi sauƙi a wurin.

To mene ne abin yi? Yawancinsa yana cikin tukunyar iyayenmu. Wani likitan tiyata ɗan ƙasar Ayalan, Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya lura cewa mutanen karkarar Afirka masu cin hatsi da dusarsa da ganye da wake ba su cika fama da cututtukan hanjin da suka addabi Turawa ba. A shekarun 1970 ya yi ta yaɗa wannan, har duniya ta farga da muhimmancin abin da likitoci ke kira faiba, wato dusa-dusa da zare-zaren da ke cikin abinci, masu riƙe ruwa su tausasa bayan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar ya sami aƙalla giram 25 na faiba, da giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a kullum. Mu kuwa mun surfe hatsi mun ba akuya dusar, mun koma farar fulawa. Akuya tana zagawa lafiya, mai ita yana nishi.

Saboda haka ɗalibi ya koma ga wake, ɗanwake, dambu, kwaɗon zogale da rama, miyar kuka da kuɓewa, tuwon dawa, gwanda, gwaiba, lemo, kankana, dabino. Duk ana samun su a kasuwar Tudun Wada, kuma da yawansu ba su kai kuɗin lemon kwalba da biskit ba. Ya ƙara su a hankali, tare da ruwa, don in aka ƙara faiba babu ruwa kumburi yake ƙaruwa. Ya riƙe gorar ruwa a jakarsa. Ya tashi da wuri da minti goma sha biyar, ya karya, ya ba hanjinsa lokacinsa. In kira ya zo kada ya danne. Tsuguno irin namu yana taimakawa, mai amfani da na zama kuma ya ɗora ƙafafunsa kan 'yar kujera. Ya riƙa takawa, ko da zuwa masallaci ne sau biyar. Ya tuna ma'aunin da Annabi (SAW) ya bayar a hadisin da Tirmizi ya ruwaito, na raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi. A watan azumi kuma a kula da ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur.

Game da filasko, ko sanamakki da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci, Ibnul Ƙayyim ya yi maganarsa a Zadul Ma'ad, kuma likitocin zamani ma suna ba da shi. Amma magani ne mai ƙarfi, na ɗan lokaci. Yawan shan sa yana murɗa ciki ya zubar da ruwa da gishirin jiki. Kasancewar abu ya zo a littattafan malamai ba ya nufin a sha shi ba ma'auni. Sannan akwai alamomin da ba a zama da su a gida: jini a bayan gida, rama ba dalili, ciwon ciki mai tsanani da amai da rashin fitar iska, ko canjin da ya zo wa mai shekaru kwatsam ya ƙi tafiya. Wannan sai asibiti, ba jira.

Malaman tarihi sun kawo cewa Ibnus Sammak, mai wa'azi, ya shiga wajen Halifa Haruna Rashid, ya tarar an kawo masa ruwa zai sha. Ya tambaye shi, in aka hana shi wannan kurɓin, da nawa zai saye shi? Halifa ya ce da rabin mulkinsa. Bayan ya sha, ya sake tambayarsa, in ruwan ya ƙi fita daga jikinsa, da nawa zai sayi fitarsa? Ya ce da sauran mulkin. Sai mai wa'azin ya nuna masa cewa mulkin da kurɓin ruwa da fitarsa suka cinye, bai kai a yi ta rigima a kansa ba. Haruna ya yi kuka. Kai ɗalibi, takardar shaidar da kake nema ba ta kai daular Bagadaza ba.

Shi ya sa aka koya mana in mun fito daga makewayi mu ce "Gufranaka". Daga cikin hikimomin da malamai suka ambata akwai cewa bawa yana neman gafara ne kan gazawarsa wajen gode wa ni'imar da aka yi masa: an ciyar da shi, an bar masa amfanin abincin, an fitar masa da cutarwarsa cikin sauƙi. Mai lafiya yakan faɗi kalmar da baki kawai. Wanda ya yi mako bai zaga ba, ranar da Allah Ya buɗa masa, shi ya san ma'anarta.

Iyaye, in ɗanku ko 'yarku sun dawo hutu, bayan tambayar sakamakon jarrabawa, a tambayi abin da suke ci da yadda cikinsu yake. Wanda ya san ɗalibin lafiya, ya tura masa wannan.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani da jikin da zai ɗauke shi, Ya sa mu cika amanar da Ya ba mu. Wallahu A'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.